Zauren Baba a Sabon Badun

Har yau in aka kwance huhun goro kusa da ni, ƙamshin jiƙaƙƙen ganyen nan ya bugi hancina, sai in ga na koma Sabo. Ba Sabon Garin Kano da nake ratsawa in za ni kasuwa nake nufi ba. Sabon Badun nake nufi, unguwar Hausawa ta Ibadan, maƙwabciyar Mokola, inda aka yanke mini cibiya a 1952. Can ruwan sama ba ya sallama. Kana zaune sai ka ji ya fara dukan tsohon kwano kamar an saki makaɗa ɗari, ƙasa ta ɗauki warin tsatsa da kashin shanu da hayaƙin tsire, mata na ta gudun kwashe shanya.

Jikata da ke karatu a Ingila ce ta tono mini wannan. Ta bugo waya tana ba ni labarin ƙungiyarsu ta 'yan Afirka mazauna can, wai an zaɓe ta sakatariya, kuma suna da kwamiti uku: na lafiya, na ilimi, na al'adu. Na ce, "Amarya, Allah ya taya riƙo, amma ki sani kwamitocin nan uku duk na san su. Kan buzu ɗaya suke zama, da carbi a hannu, kuma minshari suke yi bayan azahar." Ta ce, "Kai dai Kaka ba ka rabo da zolaya." Na bar ta a haka. Da ta kashe waya kuwa na daɗe ban motsa ba.

Baba muke ce masa, mu da 'ya'yan cikinsa da yaran gida da baƙin da suka girme shi. Ba shi ya haife ni ba. Mahaifina yaronsa ne, mai rakiyar shanu daga arewa, ya rasu a hanya ina goye, Baba ya ce wa Inna ba inda za ta. Maigida ne irin na Sabo, wato mai masauki. Fatake su sauko da shanu, wasu a jirgi wasu a ƙasa, su sauka gidansa, a ba su ɗaki da tuwo ba a karɓi ko kwabo ba, kuɗinsu ya kwana a akwatinsa. Dillalansa su sayar wa mahautan Yarabawa bashi, in mahauci ya noƙe Baba ne zai biya daga aljihunsa, don sunansa shi ne jarinsa. Wasu masu gidajen harkar goro suke yi, su saya wajen manoman kurmi, a ɗaure huhu a tura Kano da Sakkwato. Haka unguwar ta rayu tun da aka ware mata wurinta a 1916, bayan layin dogo ya haɗa Ikko da Kano. A saman masu gidaje akwai Sarkin Hausawa, sarautar da ke gidan Zungeru, shi ne bakinmu wajen Olubadan, sarkin garin, da hukuma. Ƙarƙashinsa har makafi da guragu da kutare kowa da sarkinsa, kowa ya san inda zai kwana. Sarki na nesa da yaro irina, sai ran Sallah nake hango rawaninsa. Shugaban da na sani da ido da kunne, har da bulala wani lokaci, shi ne Baba.

Zauren nasa bai kai falon gidana na yanzu ba. Akwai buzu, akwai randa da moɗa, akwai hoton Shehu Ibrahim Inyass na Kaulaha a bango, wanda hayaƙin aci-balbal ya sa gefensa ya yi ja. Shekarar da aka haife ni ce mutanen Sabo suka fara Juma'arsu a unguwa, suka daina zuwa babban masallacin gari, kuma ɗariƙar Tijjaniyya ta riga ta shiga kusan kowane gida. Saboda haka sautin da na fara sani a duniya shi ne wazifa, maza sun kewaye farin ƙyalle, murya na hawa tana sauka kamar numfashin babban dabba. In na yi kuka da magariba Inna kan tsaya da ni bayan katangar zaure, wai nan da nan nake barci.

A soron da ke jikin zauren Malam yake koyar da mu. Baba ne ya ba shi ɗakin, Baba ke aika masa da akushi dare da rana, kuma yaron da uwarsa ba ta da kuɗin Laraba, Baba kan tura sisi a ɓoye kada a ji. Ina tuna sanyin allo in an wanke shi, da ɗacin tawada a harshe, da yadda muke ƙara murya in Malam ya ɗaga ido, mu rage in ya sunkuya. Ban taɓa zaton akwai wani karatu bayan wannan ba, sai ran da Baba ya kira Inna ya ce gobe za a kai ni boko.

Sai da unguwa ta girgiza. Gwamnatin Awolowo ta buɗe firamare kyauta a Jihar Yamma tun Janairun 1955, 'ya'yan Yarabawa na ta tururuwa da kakinsu, amma dattawanmu kallon abin suke kamar tuwon da ba su san wanda ya tuƙa ba. Da Yarabanci ake koyarwa, malaman galibi Kiristoci, me ɗan Bahaushe zai je nema? Wani dattijo ya zo har zaure ya ce, "Alhaji, marayan Allah za ka ba su?" Baba bai ɗaga murya ba. Ya ce shekara nawa muna garin nan, in waya ta zo daga Kano sai mun nemi akawu mun biya shi ya karanta mana sirrinmu, in an kai namu asibiti sai ya yi ta nuna ciki da yatsa kamar kurma. Ya ce allo da asuba da dare, boko da hantsi, in yaron ya lalace a tuhume shi. Inna ta yi kuka a ɗaki, ta kuma ɗaura mini laya a ƙugu ƙarƙashin gajeren wando, don kada Turanci ya kama ni da yawa.

Ranar farko yara suka yi ta kirana Gambari. Na dawo ina huci na kai ƙara. Baba ya ce, "To, ba kai ba ne?" Ya miƙo mini ƙosai biyu. Cikin wata shida Yarabanci ya zauna a bakina har ina mafarki da shi, na koyi cin amala da hannu biyu-biyu, na gano cewa miyar ewedu da suke taƙama da ita lalo ce kawai ta sha burgi.

Ashe tafinta Baba yake renowa. Ina aji huɗu ya fara aikena da marasa lafiya. Kafin nan ciwo a gida ake gama shi: wanzami ya yi ƙaho, maɗori ya ɗaure karaya, ungozoma ta karɓi haihuwa, Malam ya yi rubutu a sha. Baba bai raina ko ɗaya ba, shi kansa duk wata sai an yi masa ƙaho a ƙeya. Sai dai yana da ma'auni: in kwana uku suka wuce mutum bai tashi ba, a nemo tasi. Wani lokaci Adeoyo, tsohon asibitin cikin gari, in abin ya yi tsanani kuma sai babban asibitin koyarwa na jami'a, wanda aka buɗe a 1957, dogon ginin nan da baƙinmu ke cire hula su kalla. Mutanenmu tsoron asibiti suke, sun ɗauka wurin mutuwa ne, alhali su ne ba sa zuwa sai mutuwar ta riga ta kama ƙafa. Baba kan ce wa baƙon da ya turje, "Malam, amanarka aka ba ni, ba gawarka ba. Tashi."

Mutumin farko da na raka wani Basakkwace ne dogo, idanunsa sun yi rawaya kamar kwaiduwar ƙwai. Likita ya tambaye ni me ya kawo shi. Na juya na tambaye shi, ya ce, "Shawara ce, yaro." Ni kuwa da Turancina na aji huɗu na gyara tsayuwa na shaida wa likita cewa wannan bawan Allah ya zo ne ya ba shi shawara. Likita ya dube ni, ya dubi idon mutumin, ya ajiye alƙalami ya yi ta dariya har da hawaye. Da labarin ya iso zaure, wata guda dillalai na tare ni suna cewa, "Likita, a ba mu shawara." Basakkwacen ya warke. Shekara uku a jere yana kawo mini kilishi.

Katin asibiti kuwa Baba ba ya barin baƙo ya tafi da shi, don ya san zai ɓata a hanya ko a naɗe taba da shi. Akwai wani gwangwanin biskit a ƙarƙashin buzu, nan yake tara su, ya rubuta sunan mai shi da garinsu da ajami a baya. Baƙo ya dawo bayan shekara biyu da tari, sai a buɗe gwangwani a zaro katinsa.

A wajajen nan ne wani Bature mai littafi da alƙalami ya yi ta yawo a unguwa yana tambayar wa ya haifi wa, wa ke bin wa bashi. Mu yara muna binsa a baya muna kwaikwayon Hausarsa. Sai da na girma na san sunansa Abner Cohen, kuma ya fitar da littafi a kanmu a 1969, ya ƙirga mu mun ɗan haura 4,000. Na karanta shi ina da furfura. Ya fahimci bashi da la'ada da siyasar masallaci fiye da yadda na zata. Gwangwanin biskit dai bai gani ba, yana ƙarƙashin buzu.

Da aka fara gangamin rigakafin agana a 1967, ma'aikata suka zo da wata allura mai kama da bindiga, ana taka ta da ƙafa. Mai shela ya zaga, amma fili ya zama wayam, kowa ya kulle 'ya'yansa, ana ta raɗe-raɗin abin da ke cikin bindigar. Baba ya fito da babbar rigarsa, ya naɗe hannu har kafaɗa a gaban jama'a, aka harba masa. Na ga ya runtse ido, na kuma ji abin da ya furta a hankali, wanda ba zan rubuta ba. Sannan ya juyo yana murmushi ya ce ko cizon sauro bai kai ba. Aka jera mu, 'ya'yan gidansa tukuna. Matan kulle kuma ya roƙi a turo ma'aikaciya mace ta shiga gida-gida. Tabon na nan a damtsena. Tsofaffin da na tashi na gani da fuska duk zanen agana sun ƙare, jikokina ba su ma san sunan ciwon ba.

Batun kiɗa ne Baba ya fi ba ni dariya in na tuna. A baki ba ya so. Mutumin wazifa ne, in aka ambaci goge sai ya yi tsaki ya nemi tsari. Amma duk makaɗin da jirgi ya sauke a tashar Dugbe, mai kalangu ne ko mai kukuma ko mai garaya, ƙafarsa gidanmu take kawo shi, don an gaya masa tun daga Zariya. Ba a saukar da shi a zaure, akwai wani ɗaki ta baya kusa da turken tumaki. Tuwo ya je masa, goro ya je, ran tafiya a ba shi kuɗin jirgi a ce in ji wani bawan Allah. In dare ya yi aka fara taɓa kiɗa a bayan gida, Baba kan sa a matsar masa da buzu kusa da taga, wai zafi ya yi yawa a ciki. Na sha ganin babban yatsan ƙafarsa yana bin kalangu, carbi kuma na tafiya a hannu, kowanne da aikinsa.

Wata rana na yi ƙarfin hali na tambaye shi. Ya yi shiru, sannan ya ce yaran da aka haifa a nan ba su taɓa ganin Katsina ba, ba su san kukar ƙofar gari ba, in ba su ji ta a bakin maroƙi ba a ina za su ji ta? Bai ƙara ba, ni ma ban ƙara ba.

Don haka muka tashi da kunne biyu. Ta nan gangunan Yarabawa na magana a bikin maƙwabta, ta can rediyon Kaduna na kawo Shata yana shiga yana fita kamar mai leƙe, wani kawuna na juya akwatin yana neman inda iska ta fi. Da azumi mu yi tashe, mu shafa gawayi da auduga mu bi gidaje, kuma gidan Baba ake fara zuwa don shi ke ba da sule sukutum. Da Maulidi a kwana ana karatun Ishiriniya, a raba shinkafa a manyan tire. Da rana kuma bakin titi maɗinka ne a jere, sun sunkuya kan wuyan riga suna fitar da aska takwas da zare, manyan Yarabawa na tsayar da mota suna jiran a gama musu aikin agbada. Yawancin maɗinkan nan Baba ne ya saya musu allurar farko, ya haɗa su da mai koya musu. Bai taɓa kiran wannan da wani suna ba. Cewa yake yaro ya samu abin yi.

Akwai abin da ya hana, muka kuma yi. Silima ta Scala na nan cikin Sabo, fim ɗin Indiya na tashi har cikin ɗakinmu, mukan tara kwabo-kwabo mu sulale bayan lisha. Talabijin ma, da aka buɗe tashar WNTV a 1959, ta farko a ƙasar nan, ta tagar wani ma'aikaci a Mokola muka fara ganinta, mu goma sha kan dutse ɗaya. Ran da Dick Tiger ya doke Gene Fullmer a filin wasa na Liberty, cikin Agustan 1963, gari ya ɗauka, amma 'yan damben unguwarmu, yaran mahauta, suka taɓe baki, wai wane irin dambe ne mutum ya ɗaure matashin kai a hannu biyu. Daga baya na ji cewa a shekarun nan, can Dugbe, su Wole Soyinka na taruwa a kulob ɗin Mbari ana wasan kwaikwayo da baje zane, duniya na labarinsu. Tafiyar ƙafa ce daga gidanmu. Ba mu san suna yi ba, su ma ba su san da mai kukumar da ke bayan turken tumakinmu ba.

Shekarar kwalara, 1971, ba ta da abin dariya. Ina saurayi lokacin, na yi kwanaki ban cire takalmi ba. Baba ya ɗauki hayar mota ta tsaya ƙofar gida dare da rana, ya sa aka dinga tafasa ruwan randar zaure, ya hana cin abinci a kwano ɗaya, abin da a wurinsa ya fi komai ciwo. Wasu mun kai su sun dawo. Waɗanda ba su dawo ba, in baƙi ne, shi ya sayi likkafani, ni na rubuta wasiƙar zuwa garinsu. A nan na koyi yadda ake fara irin wannan wasiƙa, da gaisuwa mai tsawo, don mai karantawa ya samu wurin zama tukuna.

Aiki ya kawo ni Kano a 1976. A Badun ni Gambari ne, da na iso nan kuma aka ce Hausata ta kurmi ce, abokan aiki suka laƙaba mini Bayarabe. Na rubuta wa Baba ina ƙorafi. Amsar da ya sa aka rubuto layi biyu ce: yana gaishe ni, kuma in nemo masa wani mai goro a Kano da ya ci masa bashi tun kafin a canza kuɗi zuwa naira, in gaya masa ya yafe.

Ya rasu da daminar 1980, 'yan makonni bayan ambaliyar kogin Ogunpa. Da aka zo rabon gado aka tarar akwatin bai kai yadda ake zato ba. Babba juji ne, kowa ya zo da shararsa nan yake zubarwa, kuma juji ba ya tara kuɗi. Magada suka raba gidaje da 'yan shanu. Gwangwanin biskit ba wanda ya kula da shi, na roƙa aka ba ni. Kati 214 na ƙirga a ciki, daga Gwandu, daga Maraɗi, daga Damagaram, daga Azare, har da na Basakkwacena.

Na koma Sabo a 2025, shekarar da Sarkin unguwar Sasa, Alhaji Haruna Maiyasin, ya rasu. Kasuwar shanu ta daɗe da barin kusa, ta yi Bodija, ta wuce Akinyele, kayan gwari kuma Sasa suke sauka. Filin sukuwa na Adamasingba inda muke kallon dawaki ya zama filin wasa na Lekan Salami. Yaran unguwa yanzu har da masu digiri, akwai likitoci cikinsu, ba mai neman tafinta. Ƙungiyoyi sun yi yawa, kowace da hatiminta da shugabanta, kuma suna ƙoƙari, na ga suna rabon magani a harabar masallaci. Tsire na nan yadda na san shi. Baƙo dai yanzu otal yake sauka, kuɗinsa na cikin wayarsa, ba ya bukatar akwatin kowa.

Zauren an raba shi biyu da bulo. Gefe ɗaya ana sayar da caja da murfin waya, ɗaya gefen 'yan canji ne. Na tsaya ina neman inda tagar nan take, wadda ake matsar da buzu kusa da ita. An toshe ta, amma shacinta na nan ƙarƙashin fenti. Wani saurayi ya taso da fara'a ya ce, "Sannu Baba, dala ce ko fam?" Na ce masa a'a, wucewa nake. Ya jawo mini benci duk da haka, ya ce rana ta yi zafi, ya aika yaro ya kawo mini ruwa a leda. Na zauna na sha. Can hadari ya fara haɗowa ta wajen Mokola, na ji mata a cikin gida suna kiran yara su zo a kwashe shanya.